Rassan da Zekai Ya Yanko

Babu sauran itacen kestane, mai 'ya'yan da ake gasawa a ci, a gangaren ƙauyenmu, nan duwatsun Aydin. Mijina Zekai ma babu shi. Mutumin kirki ne, sai dai ƙiwa, kuma ya iya rufe ta da fara'a.

Da ciwon ɓawon itace ya shigo, itatuwa suka riƙa bushewa tun daga sama. Ɗaya ce ta gagari ciwon, wata tsohuwa can ƙolin dutse, tafiyar awa uku. Sai ga Nurten Hanim, masaniyar tsirrai daga birni. Ta ce in aka kawo mata ɗanyun rassan tsohuwar, za ta yanki idanunsu, inda suke toho, ta raine su cikin kwalabe, ido ɗaya ya zama dubu, kowanne da ƙarfin uwarsa.

Zekai ya ce shi zai hau.

"Kai da ko shayi sai matarka Gulizar ta juya maka sukari?" in ji Dursun maƙwabcinmu.

"Zauna ka gani, mai tumbi."

Ya fita da safe. Bai yi nisa ba gwiwa ta fara ƙara, ya hangi wata itaciya kore shar a bakin hanya. Ya ce a ransa, kestane ai kestane ce. Ya yanko, ya miƙe a inuwa har la'asar.

Ni ce Gulizar. Da ya dawo, na ga takalmansa babu jan taɓon ƙoli. Na zuba masa miya, na ja bakina.

"Yaya Zekai, ka tabbata na tsohuwar ne?" Nurten ta tambaye shi.

"Nata ne, ƙanwata."

Bayan shekara biyu ta dawo da dashe dubu huɗu, kowane gida ya shuka. Da rufin masallaci ya buƙaci katako, dattawa suka ce a sare tsohuwar, tunda 'ya'yanta sun cika gangare. Zekai yana wurin, kansa a sunkuye. Aka sare ta.

A shekara ta shida ciwon ya kama dashen. Duk jinin itaciya ɗaya ne, suka tafi tare. Mutane suka taru a gidan shayi suna zagin Nurten, tana tsaye tana hawaye. Nan Zekai ya miƙe.

"Ku ƙyale ta. Ni ne ban hau ba."

Dursun ya juyo gare shi. "Ai da ka faɗa min, da na hau maka."

Daga ranar Zekai bai sake fita ƙofar gida ba. Ya rasu da hunturu, lokacin rabin ƙauyen ya yi ƙaura zuwa Izmir.

Mai karatu, in an ba ka amanar aikin da jama'a za su ɗora rayuwarsu a kai, ka yi shi yadda aka ce, in ba za ka iya ba ka faɗa tun da wuri. Wanda ya gani ya yi shiru kuma, kamar ni, yana da kasonsa a laifin. Ku taya ni roƙo: Allah Ya gafarta wa Zekai, Ya yafe min shiruna, Ya mayar wa gangaren nan inuwarsa. Amin.