Igiya a Ƙugun Tsoho

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye mai rijiya ɗaya tak. Kowace shekara in rani ya tsananta, laka takan toshe idon ruwa, sai wani tsoho ya sauka ya yashe rijiyar. Shi kaɗai ya san aikin. Da gwiwoyinsa suka gaza, dattawan gari suka zauna, suka ce manomin nan ne zai gaje shi.

Manomin ya dafe ƙirji ya ce, "Ni? Ni da ko leƙa rijiyar na yi sai jiri ya ɗebe ni?"

Suka ce, "Yara sun fara shan taɓo. Kai ne."

Ranar aiki, tsohon ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ba shi gugan kwasar laka, ya ce, "Sauka, ɗana. Ina riƙe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Mutumin ya fara sauka, yana sa ƙafa a 'yan ramukan da aka sassaƙa a jikin rijiyar. Hasken sama ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar faifai. Da ya taka ƙasa, sai ya ji igiyar ta yi sako-sako, ta kwanta masa a kafaɗa. Ya ɗan ja, ta ƙara biyo shi. Nan fa ya ce a ransa, "Shi ke nan! Tsohon nan ya gaji ya saki, ya koma inuwa." Ya ƙwala kira, muryarsa ce kawai ta dawo masa.

Tsoro ya kama shi, haushi ya biyo baya. Ya yar da gugan laka, ya kama hawa da ƙarfin kansa. Don rawar jiki, bai ma lura ba cewa duk takun da ya yi, igiyar tana raguwa, ana naɗe ta daga sama. Ya kai tsakiya ke nan, ƙasa ta ɓurme a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tafi! Kafin ya gama ihu, igiyar ta miƙe tam, ya tsaya cak yana lilo a tsakiyar rijiya.

Jama'a suka taru suka jawo shi. Ya fito da baƙar magana a bakinsa, amma abin da ya gani ya sa ya haɗiye ta. Ga tsohon a ƙasa, nauyin ya ja shi har bakin rijiya, ya tokare ƙafafunsa da gungumen da ke wurin. Tafin hannunsa duk ya saɓule, jini yana ɗiga. Ɗaya bakin igiyar kuwa a ƙugunsa yake ɗaure.

Mutumin ya durƙusa. Ya ce, "Baba, da na faɗa, ai da kai za mu tafi."

Tsohon ya ce, "Haka aikin yake. Mai riƙewa a jikinsa yake ɗaurawa."

"To, Baba, me ya sa ka sassauta?"

"In na ja ta tam, yaya za ka sunkuya ka kwashi laka?"

Mutumin ya daɗe yana kallon hannuwan nan, hawaye yana zuba. Sa'an nan ya tashi ya sake sauka. Igiyar ta sake yin sako-sako, shi kuwa ya sunkuya ya yi aikinsa, har idon ruwa ya buɗe, garin ya sha.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan kai ne, ke ce, duk wanda aka ɗora wa aikin da bai taɓa yi ba. Kefas, an zaɓe ka dattijon ikilisiya, na ga tun ran nan ko dariyar kirki ba ka yi. Mama Rahila, an ba ki shugabancin zumuntar mata, kin ce mini tsoro kike ji. Rijiyar ita ce sabon aikin, tana da zurfi, ba zan ruɗe ku ba. Mai riƙe igiya kuwa Ubangiji ne.

Rana za ta zo da za ku yi addu'a ku ji shiru, ku ce ya saki. Haba, 'yan'uwa! Bai saki ba, sarari ya ba ku don ku yi aikin. Kada tsoro ya sa ku yar da guga ku kama hawa da dabararku.

Abin da ke sa tsigar jikina tashi shi ne wannan. Allah Mai Iko Dukka, wanda ya yi sama da ƙasa, bai tsaya daga nesa yana riƙe mu da yatsa ba. A cikin Yesu Almasihu ya ɗauki jiki irin namu, ya ɗaura igiyarmu a ƙugunsa. Da nauyinmu ya faɗo, a kansa ya sauka. Ku dubi tafin hannunsa, tabon ƙusa yana nan. Wanda ya yarda a huda hannunsa dominka, shi ne zai gaji ya koma inuwa?

Kefas, Mama Rahila, jama'a suna jiran ruwa. Ku sauka. Yana riƙe.