Shaidar Sallau Mai Haƙar Kabari

An yi wani mutum a shekarun baya, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Sallau ake ce masa, sana'arsa haƙar kabari. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. To, ku saurara.

Yaƙi ya ɓarke tsakanin garinsu da mutanen ƙetaren kogi, har ƙanensa ya rasu a ciki. Wata rana da hantsi, shugaban mayaƙan garin, Jatau, ya kawo gawar mutanen ƙetare goma sha ɗaya a mota, ya ce a zuba su rami ɗaya. Sallau ya duba, sai ya ga duk hannuwansu a ɗaure ta baya. Jama'a, wanda aka ɗaure wa hannu a fagen fama ya mutu? Kama su aka yi, sannan aka kashe.

 Sallau ya kwance igiyoyin, ya yi wa kowa kabarinsa daban, kwana biyu yana haƙa. Kafin ya rufe mutum sai ya tsaya ya ƙare wa fuskarsa kallo: wannan mai wushirya ne, wancan yana da bille, ɗayan furfura ta fara fito masa. Mutane suka yi ta mamaki. Me yake nema a fuskar abokin gaba? Matarsa ta tambaye shi, ya ce kowannensu akwai mai cigiyarsa.

Da ƙura ta lafa, sai ga alƙalai daga ƙasashe daban-daban sun zo binciken abin da aka aikata lokacin yaƙin. Gari ya yi gum. Dattawa suka kira Sallau, suka ce Jatau ɗan gida ne, shi ya kare su, don haka Sallau ya rufa masa asiri, ya kuma tuna ƙanensa da ya rasu a yaƙin.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iyayena, na tuna shi. Da a ɗaure aka kawo mini shi, da na so wani ya faɗi gaskiya."

Ya je ya ba da shaida. Ya nuna kaburbura, ya siffanta kowa ɗaya bayan ɗaya, iyaye mata daga ƙetare suna gane 'ya'yansu suna kuka. Aka yanke wa Jatau ɗauri. Wasu a garin suka daina gaisawa da Sallau har ya koma ga Allah, shi kuwa bai fasa haƙa wa 'yan'uwansu kabari ba.

Kun ji? Yaƙi ma yana da iyaka. Wanda ya ajiye makami amana ne, ko maƙiyinka ne. Doka kuma, komai ƙarfinta, ba ta gani sai da idon mai shaida. Faɗin laifin bare ba wuya. Amma kai da ke zaune nan, ranar da naka ya yi zalunci a gabanka, aka tambaye ka, me za ka ce? Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko a kan namu.