Allo Ɗaya, Manzanni Bakwai

A zamanin Sarki Hambali na Birnin Murjani a ƙasar aljanu, mai yawan zargi, mai ƙarancin yarda, wanda ko inuwarsa yakan waiwaya ya harara, an yi wani Sarkin Manzanni wai shi Zailani ɗan Mantau, jikan mahaya iska, mai manzanni bakwai a ƙarƙashinsa. A ƙasar aljanu kuwa ba a isa gari da sunansa sai da lambar ƙofarsa, lambar kuma sai a wurin tsohuwar aljana Uwar Sunaye. A faɗa mata sunan gari, ta tashi tsuntsu ya binciko, ya dawo ya rubuta a allon da ke bakin rijiyarta.

Ran nan takardar yaƙi ta faɗa hannun aminin Sarki, goron zumunci ya tafi ga maƙiyinsa.

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Zailani, wa ya saye ka?"

"Allah ya ja zamaninka, ba wanda ya saye ni."

"Kwana uku. Ka kawo mini maci amanar, ko Hauni ya kawo mini kanka."

Zailani ya fita, ya keta Dajin Madubai, ya haye Kogin Garwashi, yana zargin manzanninsa ɗaya bayan ɗaya, har ita tsohuwar bai bari ba. Da ya isa rijiyar ya laɓe ya zuba ido. Manzo na farko ya tambayi gari mai nisa, na biyu ya tambayi na kusa. Tsuntsun na biyu ya riga dawowa ya rubuta lamba, manzo na farko ya karanta, ya ɗauka tasa ce, ya tashi sama. Can tsuntsun na farko ya iso, ya goge ya rubuta tasa, manzo na biyu ya kwashe ya yi gaba.

Zailani ya fito ya durƙusa. "Iya, me ya hana kowa ya riƙe allonsa?"

Ta ce, "Ɗan nan, tambayi ubangidanka. Da alluna bakwai ne, kowanne da sunan mai shi. Shi ya ƙone shida, wai kada a rubuta abin da idonsa bai gani ba."

Rana ta uku Zailani ya shiga fada da allon, Hauni na tsaye da takobi zare, ya zayyana abin da ya gani, sannan ya ɗaga allon ya ce:

"Ranka ya daɗe, ga wanda ya ci amanar. Wanda ya bar shi shi kaɗai kuwa, bakina bai isa ya faɗa ba."

Sarki ya dubi fadawa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana shafa gemu, kunya ta rufe shi, sannan ya ce, "Hauni, sara allon nan gida bakwai, a ba kowane manzo nasa."

Zailani ya shafa wuyansa, ya yi hamdala.