Sunan da Inna Kande Ta Yi Ta Kira a Asibiti

Ku yaran yanzu, ku ajiye dariya ku saurare ni. Kun iya cewa "ba ni da lokaci", kamar ku kuka fara neman abinci a duniya. Tsohuwa ta rikice, sai ku ce ai ba ta gane mutane, zuwa da rashin zuwa duk ɗaya ne. Wa ya gaya muku don a gane ku ake zuwa dubiya? Lokacin da kuke cikin zanin goyo, wa kuka gane? Amma an zauna da ku.

Akwai wani mutum ɗan asalin Ɗansoshiya, sunansa Abdussalami. Fataucin masara yake yi, har ya koma Doguwa da zama. Shi ne ɗan farin Inna Kande.

Inna Kande mutuniyar da ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. In dole ta yi maganarsa, sai ta ce "wancan". In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. Haka aka yi shekara arba'in da biyu.

Abdussalami ya san al'ada ce. Amma abin ya zauna masa a rai, bai taɓa faɗa ba.

Da tsufa ya kama Inna Kande, sai mantuwa ta shigo. Ta ɗora tukunya ta manta. Ta yi sallar Azahar sau uku. Wata rana Abdussalami ya zo gida da abokan kasuwancinsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Abokan suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa. Daga ranar ya rage zuwa.

Farkon kaka, da hantsi, Inna Kande ta fita wai za ta gidan iyayenta, waɗanda suka daɗe da rasuwa. Ta faɗa wani kwazazzabo a bayan gari, ƙugunta ya karye. Aka kai ta asibiti a Tudun Wada. Likita ya ce za ta daɗe a kwance. Ya kuma ce rikicewar ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kama wasu tsofaffi, kada a bar ta ita kaɗai.

Jinya ta faɗa kan ƙanwar Abdussalami, Safara'u, wadda ke aure a Ƙafin Maiyaki. 'Ya'yanta biyar, ga gyaɗa an tuge tana jiran tsinka.

Safara'u ba ta tsaya kuka ba. Ta zaunar da mijinta Shitu ta ce, "Malam, Inna ba ta da wata 'ya mace sai ni. Zan tare a asibiti. Yara biyu ƙanana su koma wajen yayarka, manyan su zauna da kai. Gyaɗa kuma in ta lalace, ta lalace."

Shitu ya ce, "Gyaɗa ba za ta lalace ba. Tuwo ne zai lalace, don ni zan tuƙa."

Kuma ya tuƙa. Kullum da safe yakan ɗaure kwanuka a bayan babur ya kai Tudun Wada. Ranar farko Safara'u ta buɗe kwano ta ce, "Wannan tuwo ne ko kunu?"

Ya ce, "Ki ci dai. Likita ya ce a ba marar lafiya abu mai laushi."

Jinyar ba sauƙi. Inna Kande takan fizge robar ƙarin ruwa. Takan ce Safara'u ta sace mata zani. Wani lokaci ta kira ta da sunan ƙanwar ita Innar da ta rasu. Safara'u ta daina gardama. Duk sunan da aka ba ta sai ta amsa, ta goge mata jiki, ta juya ta, ta ba ta koko a cokali.

A kwana na shida, da la'asar, Inna Kande ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, ta ce da ƙarfi, "Abdussalami!"

Cokali ya faɗi daga hannun Safara'u. Tunda take ba ta taɓa jin wannan suna a bakin uwarta ba.

"Abdussalami! An ba shi abinci kuwa? Ku duba ɗakin kakarsa, kada ta bar shi da yunwa."

Ashe ciwon da ya share mata sunayen mutane ya share kunyar ma. Abin da ta danne shekara arba'in da biyu ya fito fili. Daga ranar ba ta da magana sai tasa. Duk wanda ya shigo ɗakin, ma'aikaciyar jinya ko mai shara, sai ta tambaye shi ko ya ga Abdussalami. Ta ce yana son ƙuli-ƙuli. Ta ce yana tsoron tsawa. Ta ce ranar da ya fara tafiya tana leƙensa ta jikin zana, ba wanda ya sani.

Shitu ya kawo mata ƙuli-ƙuli, ta ƙi ci. Ta ƙulle guda biyu a haɓar zaninta ta ce na Abdussalami ne. Ko wanki za a yi, sai an mayar mata da ƙullin a sabon zani.

Safara'u ta fita baranda ta kira yayanta a waya.

"Yaya, ka zo. Inna tana kiranka."

"Wace Innar? Wadda ta tambaye ni wa nake nema?"

"Da sunanka take kiranka, Yaya. Wallahi da sunanka."

Ya yi 'yar dariya. "Safara'u ke nan. Tun kina ƙarama kin iya shirya zance. In kin gaji da jinya ki ce kin gaji."

"Na gaji, amma ba ƙarya nake ba."

"To ki ɗauko muryarta a waya ki turo mini."

Safara'u ta ce, "Ba zan ɗauki uwata a waya tana cikin wannan hali ba. Ba abin nunawa ba ce. Mai son ji ya zo da ƙafarsa."

Ya ce, "Masara na fitowa. Bari kaka ta lafa."

Ku ji fa. Motar masararsa ta cikin garin Tudun Wada take bi in za ta Kano, shi yana zaune a gaba. Sau huɗu ya wuce a cikin waɗannan kwanaki. Bai ce wa direba ya tsaya ba.

Safara'u ba ta haƙura ba. Ta sake kira, bai ɗauka ba. Ta tura Shitu har Doguwa. Shitu ya same shi a bakin rumfa ana ɗinke buhuna, ya ce, "Yaya, ni da kunnena na ji. Ka hau bayan babur ɗin nan, kafin Azahar na dawo da kai."

Abdussalami ya ce, "Ko na je ba za ta gane ni ba. Abdussalamin da take nema yaro ne mai shekara uku. Ka gaishe su."

Matan da ke jinya a ɗakin har sun haddace sunan. Wata dattijuwa 'yar Bagauda, Maijidda, mai jinyar jikarta a gadon kusa, ta ce wa Safara'u, "Wai shi wannan Abdussalamin a Makka yake ne?"

Safara'u ta ce, "A Doguwa yake, Baba."

Maijidda ta ce, "Doguwar nan? Allah ya shirya."

A kwana na ashirin da uku Inna Kande ta wayi gari bakinta ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Magana ta ɗauke.

Da labari ya kai Doguwa, a ranar Abdussalami ya zo, ya bar buhuna a buɗe. Ya durƙusa a gaban gado.

"Inna, ga ni. Ni ne Abdussalami."

Ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Sannan a hankali ta juyar da fuskarta wajen bango. Ko kunyar ce ta dawo, ko ba ta gane shi ba, Allah kaɗai ya sani.

Safara'u ta kwance haɓar zanin, ta zuba masa ƙuli-ƙuli biyu a tafin hannu, sun bushe kamar tsakuwa. Ta ce, "Ajiyarka ce. Kwana goma sha bakwai tana tsaronta."

Ya juya wajen Maijidda. "Baba, da gaske ta kira ni?"

Maijidda ta ce, "Yaro, har mai shara ya san sunanka. Har ya san kana tsoron tsawa."

"Yaya take faɗa?"

"Ni ba uwarka ba ce. Ba zan iya irin nata ba."

Inna Kande ta ƙara wata biyu a duniya. Abdussalami ya bar kasuwa, shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta. Kullum yana zaune a bakin gado yana kallon leɓɓanta. Ba ta sake furta ko kalma ɗaya ba har Allah ya karɓi abarsa.

Safara'u ta koma ɗakinta, yaranta sun dawo, gyaɗarta na cikin buhu. Ita ta ji, Shitu ya ji, baƙin da ba su haɗa komai da shi ba sun ji har sun gaji. Mutum ɗaya ne a duniya bai ji sunan Abdussalami a bakin Inna Kande ba, shi ne Abdussalami. Yau shekara uku ke nan, ƙuli-ƙulin nan biyu suna ƙulle a aljihunsa.

Darasi: In tsohonka ya rikice, ba a jira sai ya gane ka, kai ne ka gane shi. Ka je yau, kada ka bar wa mutum ɗaya jinya, kada ka ce sai aiki ya lafa. Ku tura wannan ga duk wanda ke da tsoho a kwance yana cewa sai gobe.