Dalilin da Ya Sa Kaka Ke Tsokanar Jikanta

Dalilin da ya sa kakanninku ba sa ganinku su ƙyale ku, sai sun ce kanku kamar tulu, ya samo asali ne daga wata yarinya mai suna Ladingo. Ku matso ku ji.

A da can, ba a wasa tsakanin kaka da jika. Yaro zai durƙusa ya gaida kakarsa, ita kuma ta ce, "Sannu ɗan albarka." Kowane gida ka shiga, maganar ke nan. Kyarkeci kuwa a lokacin gwanin kwaikwayon murya ne, ya laɓe bayan danga har ya haddace gaisuwar tsaf.

Tsohuwa ɗaya ce ta fita daban, Iya Hansai, kakar Ladingo, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gonaki. Bakinta ba ya hutawa. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta cika jin sallama ba, amma zagi ko a cikin rijiya aka yi shi sai ta ji. Kullum Ladingo ta kai mata tuwo sai ta ce, "Ga mai ƙafar tsinke ta iso. Yau ma miyar gidanku ba gishiri?" Abin yana ƙona wa Ladingo rai. Sau da yawa takan koma gida da hawaye, tana cewa ita ma tana son a kira ta 'yar albarka ko sau ɗaya.

Ran nan da hantsi Iya Hansai ta hango kyarkeci yana nufo gidanta. Ta taka tsani ta faɗa cikin rumbu, ta ja murfi. Kyarkeci ya duba bai ga kowa ba, sai ya shige ɗakinta ya saki asabari, ya zauna jiran mai kawo tuwo.

Da azahar Ladingo ta iso da akushi a ka, ta yi sallama. Daga ɗaki aka amsa da muryar Iya sak: "Maraba da 'yar albarka! Shigo, rana ta dafa min ke."

Daɗi ya kama Ladingo, don abin da ta daɗe tana jira ke nan. Har ta kai hannu ga asabari, sai ta tsaya. Ta ce, "Iya, yau fa an manta gishirin gaba ɗaya."

Aka ce, "Ba komai, 'yar nan. Duk abin da kika kawo mai daɗi ne."

Nan Ladingo ta janye hannunta daga asabari. Iya Hansai ba ta taɓa yafe gishiri ba tun da aka haife ta. To wa ke cikin ɗakin, kuma ina Iya? Ladingo ta ja da baya a hankali, ta ɗaga murya iya ƙarfinta: "Ina tsohuwar nan mai haƙori ɗaya?"

Sai murfin rumbu ya ɗaga, Iya ta leƙo. "Wa ke da haƙori ɗaya? Biyu ne, mara kunya! Hawo maza!"

Ladingo ta yar da akushi ta haye tsani. Kyarkeci ya fito a guje, amma tuni Iya ta fizge ta ciki, ta ture tsanin. Ya yi ta tsalle yana kartar rumbu a banza. Su kuwa suka yi ta kwarara ihu har manoma suka sheƙo da fartanya, kyarkeci ya ranta a na kare.

A cikin rumbun Iya Hansai ta rungume jikarta, hawaye na zuba. Da ta samu bakin magana sai ta ce, "Kin zubar min da tuwo, mai ƙafar tsinke." Ladingo ba ta taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Da labari ya bazu, kowace tsohuwa ta laƙaba wa jikanta irin nata sunan tsokana, jikoki kuma suka koyi ramawa. Kyarkeci ya iya murya, amma bai san wa ake ce wa mai kan tulu ba, wa ake ce wa mai ƙafar tsinke.

Shi ya sa har gobe kaka da jika ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Ranar da kuka yi sallama kuka ji kakarku ta amsa da daɗin baki, ku tsaya daga bakin ƙofa tukuna, ku tambaye ta haƙoranta nawa.