Yadda Gizo Ya Samu Barci a Kan Tsamiya

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku bar surutu."

"Ta zo, Kaka, kunnenmu naki ne."

Wata Laraba ce a tsakiyar damina. Ruwa ya wuni yana zuba har dare, iska ta ƙi tsayawa. Ramin Gizo ya cika fal, sai ya haye tsamiya. Kwaɗo kuwa ya zo gindinta ya zauna, baki buɗe, yana jiran abin da zai faɗo.

Barci ya fara fizgar Gizo. Ga tsuntsaye jere a reshe suna gyangyaɗi, iska na lilo da su, ko ɗaya bai zame ba. Yana son sanin sirrin, amma ba ya son tambaya, wai girmansa zai zube.

Ya matsa kusa da Kanari. "Ke mai waƙa, ni bokan ƙafa ne. Miƙo in duba."

Ta miƙa. Yatsu uku gaba, ɗaya baya.

"Lafiyarki lau," in ji Gizo. Ya koma ya jera ƙafafunsa, shida gaba, biyu baya, ya rufe ido. Iska ta buso, sai ga shi a reshen ƙasa.

Kwaɗo ya ce, "Sannu da sauka, Malam Gizo."

A nan Gizo ya tarar da Suda. "Ke mai baki, ni bokan wuya ne. Kwanta in gani."

Suda ta cusa baki cikin gashin bayanta. Gizo ya je ya cusa nasa kan, ya rufe ido. Iska ta buso, sai reshen ƙarshe.

Kwaɗo ya lashi baki. "Saura ƙiris."

Tsada ce a wurin, ƙaramar cikinsu. Gizo ya fara, "Ni bokan..."

"Ajiye bokancin, Baba Gizo," in ji Tsada. "Mu in mun durƙusa, wata jijiya ce ke jan yatsu su damƙe reshe. Kai kuwa a miƙe kake barci, kamar mai jiran kirari."

Gizo ya dubi Tsada, ya leƙa bakin Kwaɗo. Ya durƙusa. Ƙafafu suka ƙi kamawa.

"'Yar nan, ni ba ni da jijiyar. Yaya zan yi?"

Marai, masaƙin tsuntsaye, ya leƙo daga sheƙarsa yana dariya. "Au, ashe ka iya tambaya?" Ya tsinko ɗanyar ciyawa, ya zaga, ya soka, ya ja, ya ɗaure Gizo tam a reshe. Gizo ya yi barci har da minshari. Kwaɗo ya gaji, ya tafi yana ƙorafi.

Da gari ya waye, Gizo ya je ƙofar sheƙar Marai, ya durƙusa, ya ce a koya masa saƙa. Shi ya sa har yau ba ya faɗuwa, zarensa na riƙe da shi.

To, kun ji. Gwiwar da ta ƙi lanƙwasa, mai ita ba ya koyon komai.

Kungurus kan kusu. Kowa ya nemi tabarmarsa.