Mijin Hajiya Iyatu da Allon Makaranta

Akwai wata tsohuwa a Garuwa, Hajiya Iyatu, mai jika ɗaya tilo, Iliyasu. Kun san wasan kaka da jika, "mijina" take ce masa. Kuma wallahi ta riƙe mijin nan! Da safe makala, wato fanke, mai zafi da shayin madara, da rana lemon kwalba, da yamma soyayyen nama. Makaranta ga ta nan bayan layi, amma sai an kira masa mai moto, wato ɗan acaɓa.

In uwarsa Kaltumi ta ce, "Inna, yaron nan fa nauyi yake yi," sai Hajiya ta karkace ɗankwali, ta ja murya ta hanci:

"Nauyiii? Jikan Alhaji Usmanu mai goro ne! So kike ya fita kamar tsinken tsire, a ce gidanmu ya karye?"

Sai bikin matasa ya matso, ranar da 'yan makaranta ke maci, wato defile. Aka zaɓi Iliyasu ya riƙe allon sunan makarantarsu, a sahun gaba! Hajiya ta bi gida-gida tana shela.

Ranar gwaji ganga ta tashi. Hagu, dama, hagu, dama! Kafin a kai ƙarshen fili Iliyasu ya fara haki. Allo ya faɗi, shi ma ya bi shi. Aka miƙa wa wani yaro allon.

A asibiti, nas Léontine ta duba shi ta ce, "Mama, wannan ƙibar ba lafiya ba ce. Yara irinsa sun yi yawa yanzu. In aka ci gaba haka, ciwon suga na tafe."

Hajiya ta karkace ɗankwali, "Jikan Alhaji Us..."

"Kaka," in ji Iliyasu cikin kuka, "ni allona nake so."

Nan Hajiya ta gyara ɗankwali, ta share masa hawaye.

Washegari mai moto ya zo, ta sallame shi. Ta yafa gyale, ta kama hannun mijinta, suka taka da ƙafa. Lemo ya bar gidan, folere, wato zoɓo, mai ɗan sukari kaɗan ya shigo, ga tuwon dawa da miyar ganye. An sha rigima fa! Sakin da Iliyasu ya yi wa kakarsa a kan makala ba ya ƙirguwa.

Bikin wannan shekarar ya wuce shi. Na shekara mai zuwa kuwa? Jama'a! Allo sama, ƙirji gaba, ya ratsa filin nan ko haki babu! Hajiya ta rangaɗa guɗa har wani jandarma ya waiwayo.

"Mijina ne! Ku matsa in gani!"

Kaltumi ta raɗa mata, "Inna, kin ga ya rame."

"Rufa min baki! Haka sojoji suke."

Darasi: Kumatu ba su ne arziki ba. Mai ƙaunar yaro ya lura da abin da yake ci, ya bar shi ya yi gudu. Ku tura wa kakannin gidanku, amma kar ku ce ni na faɗa!